Agogon Zafi a Motar Babanmu

Motar babanmu a-kori-kura ce mai shan gas, kuma duk wanda ya ce ya san ta da cikakkun kaya, to ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni dai na buɗe ido na gan ta da ramuka a gaban direba, inda agogunan mota ke zama. Madubin gefe ɗaya gare ta. Ba ta da ham, sai dai Baba ya fito da hannu ta taga ya bubbuga ƙofa, awaki su watse. Ba ɓarayi suka kwashe kayan ba, ba kuma hatsari ta yi ba. Baba ne ya rabar da su da hannunsa.

Halinsa ke nan, kuma hali zanen dutse. Lokacin albasa a Aliero kowa a gaggauce yake. Mota ta lalace da kaya a kai, ko injin ban-ruwa ya tsaya ana tsakar shayarwa, sai ka ji an ce a je wurin Baba. Shi kuwa ba ya ko tambayar yaushe za a dawo da abu. Zai ɗauko sifana ya buɗe motarsa ya kwance, ya miƙa, ya ce Allah Ya sa ya yi. Idan Inna, wato mahaifiyarmu, ta yi magana, sai ya ce ai motar tana tafiya. Gaskiya ne kuma, tana tafiya, domin Baba da kunne yake tuƙi. Daga ƙarar injin yake sanin ta ji nauyi, ko tana son ruwa, ko ta fara zafi. Da haka ya ciyar da mu, yana kwasar albasa daga gonaki zuwa kasuwar Jega, har muka yi gemu.

Sai kunnen ya fara tafiya. A hankali abin ya zo. Rediyonsa ya riƙa ƙara murya har maƙwabta suna jin labarai kyauta. Ka gaishe shi ya amsa maka wata tambaya daban. Duk mun lura, babu wanda ya iya faɗa. Ranar da magana ta fito fili ita ce ranar da injin ya buga a hanyar Kuberi, cikin bazara, da lodi a baya. Waɗanda suka jawo motar sun ce tun daga nesa ake jin tana kuka, direban ne kawai bai ji ba.

Yayanmu ne ya sa aka gyara injin. Shi ne ɗan fari, mutum mai tsari, wanda ko takalminsa ba ya ajiyewa a karkace. Da aka gama gyara sai ya riƙe makullin, ya ce tuƙin Baba ya ƙare. Bai faɗa wa Baba ba, ni ya faɗa wa. A gidanmu Baba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya kuma doguwar magana da shi, kunyar nan ta mutanen da. Don haka tun ina ƙarami ni ne ɗan aike tsakaninsu, ko da suna zaune a kan tabarma ɗaya. Na kai saƙon ina jin haushin kowa. Baba ya sa na maimaita da ƙarfi, sannan ya ce:

“To. Hwaɗa mai na jiya.”

Abin dariyar shi ne makullin da ake wannan rigima a kai ba ya tayar da motar. Ƙofa kawai yake buɗewa, ita ma ta direba. Makunnin da ake zura shi a murɗa ya daɗe da tafiya Maiyama aro, Baba waya biyu yake haɗawa injin ya tashi. Da ya so, da ya fita da motarsa Yaya na barci. Bai yi ba. Ya fito da kujera ƙofar gida ya zauna kusa da motar, yana kallon motocin wasu suna wucewa da albasa. Nan da nan ya rame. Tuwo ya riƙa komowa cikin gida kamar yadda aka kai shi. Wata safiya Inna ta kira ni ɗakinta.

“Kai, ubanku na ƙarewa zaune,” in ji ta. “Ina tsoron hanya, amma zaman ga ya hi ba ni tsoro. Ku san abin da za ku yi.”

Na tafi Jega wurin wani makanike da muka yi makaranta tare, mai gareji a unguwar Jega Magaji. Na ce masa ina son abin da zai nuna wa ido abin da kunne ya daina ji. Na ɗauka agogon zafin ruwa zai ce a mayar, amma ya ce gurbin da ake ɗaura shi a jikin injin an toshe shi da walda tun shekarar da Baba ya ba da nasa. Ya ce ma akwai wanda ya fi. Injin gas idan ya sha lodi, hayaƙinsa ke fara yin zafi tun kafin ruwan lagireto ya tafasa, don haka agogon da ke auna zafin salansa, wato bututun hayaƙi, shi zai fara ba da labari. Muka sa aka aiko da shi. Ya zo cikin ɗan kwali: agogo mai allura kamar murfin gwangwanin madara, doguwar waya mai rigar ƙarfe, a bakinta wani siririn ƙarfe kamar ƙusa.

Na kai wa Yaya ya gani. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya karanta takardar har da ƙananan rubutun. Yaya ba mugu ba ne, tsoro ne ke cinsa, kuma ya fi ni son Baba in dai a aikace ne. Daga ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi.

“In an ɗaura shi ya yi aiki, shi ci gaba da tuƙi. Amma ka san halin tsohon ga. Ranar da nig ga ramin agogon ga babu komi ciki, ranar zan amshe makulli, kuma wallahi ba ya komawa. Ka hwaɗa mai hakanan.”

Na faɗa wa Baba, da ƙarfi, sau biyu. Ya gyaɗa kai.

A garejin ne muka gane aikin ba ƙarami ba ne. Abokina ya ce agogon yana son wuta daga makunni, don ya mutu idan an kashe mota, in ba haka ba ya shanye batir. Yana kuma son fis a tsakani, kada wuta ta ƙone shi. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya daɗe, ya fito yana share gumi. Babu makunni. Babu akwatin fis ɗin gaba ɗaya. Ya ce bai taɓa ganin mota mai rai da ƙarancin hanji irin wannan ba. Irin na wannan tsohuwar mota kuma ba a samunsu a shago yanzu, sai a jikin ’yan’uwanta.

Ni kam na ga abin da sauƙi. Akwatin fis yana Danwarai wurin wani manomi, makunni yana Maiyama wurin aminin Baba. Aro aka yi, a je a karɓo. Da na faɗi haka Baba ya dube ni kamar na ce mu shiga gidan mutane mu ɗauke tukunya a kan wuta.

“Ni ban bin mutum abin da nib ba shi,” in ji shi. “In ya gama da shi ya kawo.”

“Baba, shekara nawa? Mai akwatin nan har ya aurar da ɗiyan da anka haihwa bayan aron!”

“To bai gama ba.”

Ina da saurin fushi, kowa ya sani a gidanmu, kuma ranar na kusa cewa a mayar da agogon cikin kwalinsa. Inna ce ta raba mu. Ta ce ba a hana mutum zuwa gaisuwa ba. Baba ya ce gaisuwa kam ya daɗe bai je ba.

Na goya shi a babur muka tafi Danwarai. Muka tarar da manomin a rumfar albasarsa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. An gaisa a kan iyali, an gaisa a kan zafi, an yi maganar ruwan rijiya da tsutsar albasa, ni kuwa ina ta mutsu-mutsu kamar mai zaune a kan ƙaya. Sai can da za mu tashi mutumin ya tambayi ina mota, me ya sa aka zo a babur.

“Ba ta jin daɗi kwana biyu,” in ji Baba. “Yara na son su sa mata wani agogo, an ce wai hanjinta bai cika ba. Allah dai Shi kyauta.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Muka yi sallama muka hau babur hannu rabbana. A Maiyama ma haka aka yi. Aminin nasa tsohon direba ne, tare suka yi yaran mota, suna zagin juna cikin raha kamar ba dattawa ba. Ga motarsa a ƙofar gida, ga makunninmu a jikinta ina gani da idona, har da ɗan zaren da Baba ya ɗaura masa. Suka sha hira, shi yana ihu a kunnen Baba, Baba yana dariya. Aka maimaita maganar rashin jin daɗin mota, muka taso. Na ja babur muka kama hanyar gida. Na san ko na yi masifa iska ce za ta ji.

Kwana bai yi nisa ba sai ga manomin Danwarai a ƙofar gidanmu da akwatin fis a cikin buhu, an wanke shi tas. Bai ce ya dawo da aro ba. Cewa ya yi ya zo duba mota, ga kuma ɗan abin da ya tsinta ko zai yi amfani. Baba ya yi godiya kamar kyauta aka kawo masa. Washegari aminin Maiyama ya aiko da makunni, ya koma haɗa waya a tasa motar. Daga nan labari ya bazu cewa motar Baba ba ta da lafiya. Mutane suka riƙa zuwa dubiya. Wani ya kawo ham, wani madubi, wani murfin lagireto, wani ya kawo fitilar da ko kusa ba ta irin motar ba ce. Wani Bafillace da Baba ya taɓa ba igiyar jan mota ya zo da ƙwaryar nono, ya ce igiyar dai saniya ta tsinka ta. Zaurenmu ya koma kamar shagon kayan gyara. Na tsaya ina kallon tarin, kunya da daɗi suka kama ni lokaci guda, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ranar ɗaurawa Baba ya ƙi zama a gida. Aka kwance bakin salansa daga jikin injin, don kada garin ƙarfe ya faɗa ciki wurin hudawa. Mai walda ya huda rami, ya liƙa noti a kai, aka mayar, aka zura ƙusar aka ɗaure. Wayar ta yi tsawo ƙwarai, mai haɗa wuta ya ɗauko filaya zai rage ta, abokina ya riƙe masa hannu. Ya ce wannan ba a yanka ta, ba a kuma yi mata ƙari da wayar gida, sai ta riƙa faɗin ƙarya. Aka naɗe ragowar aka ɗaure nesa da zafi. Aka mayar da akwatin fis, aka mayar da makunni, aka zaunar da agogon a ɗaya daga cikin tsofaffin ramukan, ya shiga daidai kamar don shi aka bar wurin.

Aka miƙa wa Baba makulli ya murɗa, motar ta tashi. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Injin ya ɗumama, sai allurar ta fara motsi, amma baya take yi, tana neman shigewa ƙasa. Baba ya fashe da dariya.

“Kun gani? Agogonku ma ya shaida. Motag ga sanyi ag gare ta!”

Ashe bakin wayoyin biyu aka juya. Aka sauya su, allura ta dawo hanya. Abokina ya nuna inda ba a son ta wuce, na ɗauko jan farcen da na roƙo wurin matar Yaya na ɗiga a kan gilashin. Na ce wa Baba idan allura ta taɓa ja, a ɗaga ƙafa, a rage giya, in ta ƙi sauka a tsaya.

Gwajin ya kasance ranar kasuwa, da lodi sosai, daga wata gona bayan Danwarai inda hanya ke da yashi. Mu uku a gaba, ni a tsakiya kamar kullum. Yaya ya ce kada in kuskura in yi magana ko in nuna. Rana ta take, mota ta shiga yashi, injin ya fara wani gurnani da ni ma da ban san mota ba na ji a haƙorana. Allura ta hau. Baba yana kallon hanya, fuskarsa a sake, yana taka totur. Ta ƙara hawa. Gumi ya jiƙe mini riga. Na ji Yaya ya daina numfashi a gefena. Allurar tana dab da jan farcen sai idon Baba ya faɗa kanta. Ya ɗaga ƙafa, ya rage giya, ya lallaba motar har gindin wata bishiyar bedi, ya bar injin yana juyawa a hankali. Muna kallo allura ta riƙa sauka.

Na so in yi ihu don murna, amma na ga fuskar Baba. Ya kwantar da kai gefe kamar yadda yake yi tun muna yara idan yana sauraren injin. Ya daɗe haka.

“Tana kuka ɗazu?” ya tambaye ni.

Na ce tana yi.

“Ban ji komi ba,” in ji shi. “Ko kaɗan.”

Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Yaya ya juya yana kallon taga, ya daɗe yana gyaran hular da babu abin da ya same ta. Da muka sauke kaya a Jega bai nemi makulli ba. Ya ce mini in faɗa wa Baba Allah Ya tsare hanya, alhali Baba na tsaye kusa da shi.

Baba ya koma aiki, tuwo ya daina dawowa. Kullum da safe sai ya goge gilashin agogon da bakin rigarsa kafin ya goge na gaba. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin na san gwajin yashi ba shi ne mai wuyar ba. Ham ɗin da aka kawo bai yi wata guda ba ya sake tafiya. Madubi ya bi shi. Duk lokacin da na zo gida sai na fara leƙa gaban motar kafin in shiga gaida Inna.

Ƙarshen kakar albasa, wata rana da hantsi, muna zaune a ƙofar gida, ni da Baba da Yaya, sai ga aminin Maiyama an sauke shi a babur. Ba raha a fuskarsa. Bayan gaisuwa ya matso kusa da kunnen Baba ya ɗaga murya, don haka duk unguwa ta ji. Motarsa ta riƙa zafi, sau biyu tana tsaya masa a hanya. Albasarsa na tare a gona, zafi ya fara taɓa ta, in ba ta kai Jega ba cikin kwanakin nan ruɓewa za ta yi. Ya ji labarin agogon.

“Ara man shi in kwashe kayan ga, in na ƙare in maido ma.”

Bai san da sharaɗin Yaya ba. Kuma shi ne mutumin da ya cire makunni daga motarsa ya aiko ba tare da an roƙe shi ba. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Inna tana bayan ƙyauren zaure, na ga gefen zanenta. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ce wa mai nema a’a ba, ban ma san ko bakinsa ya iya ba. Ya tashi a hankali ya nufi motar. Ya buɗe ƙofa, ya sa hannu ƙarƙashin kujera inda sifanarsa ke zama. Na ce shi ke nan, kujerar ƙofar gida ta dawo.

Tsumma ya ɗauko. Ya goge gilashin agogon, ya ninke tsumman ya mayar, sannan ya juyo wurin amininsa.

“Wanga ba ya ciruwa,” in ji shi. “Liƙe shike da motar, motar kuma liƙe take da ni. In kana so, sai dai ka are mu dut. Shiga mu tahi, rana na yi.”

Aminin ya zage shi irin zaginsu na yaran mota, ya zagaya ya shiga. Baba ya murɗa makulli. Kafin ya ja, ya leƙo ta taga ya kira ni, idonsa a kaina, ko da yake duk mun san ba da ni yake ba.

“Hwaɗa ma wancan shi leƙo shi gani. Ramin ba wohi shike ba.”

Yaya ya tashi ya je ya leƙa, ya ce in faɗa masa ya gani. Baba ya fito da hannu ya bubbuga ƙofa, awakin da ke kwance a hanya suka tashi, motar ta nufi Maiyama.